Injin Magaza da Maganin Ɗiyata

Kaka ce, kuma shekarar ta yi kyau. Duk wanda ka tambaya a Gure zai ce maka a ƙarshen shekarun casa'in an yi wata damina da aka sha ruwa, gero ya yi kai, wake ya yi, tabkuna suka cika har raƙuma na sha a bakin gari. Albashin ma'aikata dai ba ya zuwa a kan kari, amma wannan mun riga mun saba. Mutane suna tuna shekarar da alheri. Ni in aka kawo zancenta sai in ce haka ne, an samu, in tashi in je in duba tukunya.

A lokacin ina shara a biro, wato ofishi, na wani poroje na taimako da ke kawo magani gidan likita. Biron ba shi da girma: ɗakin Shef, shugabanmu, sai magaza inda ake jibge kwalayen magani, sai baranda. Ina zuwa da sassafe in share, in koma gida, in dawo da rana in an tashi hutu in goge tebura kafin a komo da yamma. Maigidana ya rasu da daɗewa, aikin nan shi ke riƙe da mu. Amma ba don abinci kaɗai na neme shi ba.

Ɗiyata ta fari, wadda ko a takardar nan ba zan kira sunanta ba, tana da farfaɗiya tun tana ƙarama. Mun sha rubutu, mun yi hayaƙi, na goya ta har Kelle wurin wani malami. Abin da ya riƙe ciwon daga ƙarshe wata ƴar farar ƙwaya ce da ake sha kafin a kwanta. Majo, babban mai jinya na gidan likita, shi ya ɗora ta a kai. Tun da ta fara sha ba ta sake faɗuwa ba, aka yi shekaru, har mutanen unguwa suka manta. Ta shiga koyon ɗinki a ɗakin mata, hannunta ya faɗa, ta fara samun masu kawo mata atamfa. Ƙwayar nan ba a samun ta a farmasin gari, masu tebur a kasuwa kuma Majo ya hana ni kusantar nasu. Ta magazar da nake sharewa take bi ta isa gidan likita. Shi ya sa in ina shara nakan ɗaga kai in duba kwalinta a kan kanta. Na yi karatun manya, Faransanci ban iya ba, amma sunan maganin nan na san baƙaƙensa kamar yadda na san fuskar ɗiyata.

Yadda ake yi a da, in wata ya ƙare mai magaza ya zauna ya rubuta abin da ya rage da hannu, ya ba direba, takarda ta bi ta Damagaram ta isa Yamai. Wani lokaci takan ɓace a hanya, ko direba ya manta ta a aljihu matarsa ta wanke. In ta makara, akwai wata mata a babban biro na Yamai da ke bugo talho, muryarta har baranda: "Gure, kun mutu ne? Ina takardarku?" Sai a sake rubutawa. Abin yana da wahala, kowa na ƙorafi, amma magani na zuwa.

A kakar nan aka aiko mana injiniya daga Yamai da kwalaye a bayan mota. Bazabarme ne, dogo, Hausarsa tana tuntuɓe amma ba ya jin kunyar yin ta. Ya kafa injin a magaza, abin da suke ce wa ordinata, da allonsa kamar na telebijin. Mai magaza, wani mutumin Gamu mai sanyin hali da ke ce mini Yaya, an riga an kai shi Yamai ya koyo bugawa. Suka yi kwanaki suna zuba sunan kowane magani a ciki, da yawan da ke kan kanta. Abin da ya shigo a buga, abin da ya fita a buga. Wannan bai ba su wahala ba. Wahalar tana wurin koya wa injin aika saƙo.

Ina goge ƙasa kusa da shi ya kira ni.

"Mama, zo ki ga. Wannan ya san komi na magaza. In magani ya kusa ƙare, ba a gaya mashi. Shi da kanshi ya rubuta wasiƙa, ya kira Yamai, ya ba su."

Na ce, "Da wane bakin?"

Ya nuna mini wani ɗan akwati mai ƙananan fitilu, da igiya ta fita daga bayansa ta bi ta wata huda da ya yi a bango, ta shiga ɗakin Shef inda talho yake. Ya ce wasiƙar sunanta imel, ba takarda, ba direba, ta cikin igiyar waya take bi.

Majo yana tsaye a ƙofa, ya zo ɗaukar kaya. Bagobiri ne, kuma tsakaninsu da Zabarmawa akwai wasa, tun ranar da baƙon ya sauka bai bar shi ya huta ba.

"Uwar tela, kada ki saurari wannan. Mutumin da bai iya cewa ƙarewa ba shi zai hana magani ƙarewa?"

"Kai, bawana, je ka yi allurarka. Nan aikin manya ne."

"Manyan ne suka sa ka kwana uku kana zagin akwati?"

Gaskiyar Majo, ya sha zagin akwatin. Layin Gure ba shi da ƙarfi, ko mutum ne ke magana sai ya ɗaga murya. Akwatin ya kira lamba, ya yi wani irin kuka, tsuwwa da gurnani kamar an haɗa gyare da jaki, sai ya katse. In bai katse ba, injin Yamai ya ƙi karɓa, wai bai san namu ba, sai baƙon ya buga talho a ba shi wata kalmar sirri ya sake sawa. Wata rana wasiƙar ta isa amma babu komi a cikinta. Wata rana ta isa wurin wani mutum dabam. Bai tafiya hutun rana, Shef yakan bar masa ɗakinsa a buɗe ya tafi gida. Ni nakan kawo masa fura in na dawo goge tebura, in same shi ya tuɓe riga yana magana da allon da yarensu. Yaron kirki ne. Ya tambaye ni ƴaƴana, na gaya masa, har na nuna masa kwalin maganin ɗiyata. Ya nemo sunan a cikin injin ya nuna mini.

"Kin ga? In ya sauka nan, ya yi kuka. Ba ki da damuwa, Mama."

Ranar da abin ya yi, akwatin ya yi kukansa har ƙarshe, ya yi shiru, jim kaɗan talho ya buga. Matar Yamai ce, tana dariya, ta ce wasiƙar Gure ta iso cif. Shef ya aika aka sayo balangu da lemo, har gardi mai tsaron ƙofa da ni muka samu.

Saura a sa wa injin lokacin kira. Layi ɗaya ne a biron, in injin yana kai mutum ba ya iya magana. Baƙon ya tambayi Shef wane lokaci ne ba a aiki da talho. Shef ya ce da rana, in an tashi hutu. Sai ya sa masa ƙarfe ɗaya. Kullum ƙarfe ɗaya, in akwai wasiƙa, injin zai kira Yamai ya miƙa ta. Ya ce daga yau an daina takardar wata, kuma a rage kiran Yamai, don rage kuɗin waya na cikin dalilin kawo injin.

Majo ya ce, "To in bai rubuta ba fa, Bazabarme?"

"In bai rubuta ba, lafiya ke nan. Komi akwai. Yamai ta san haka."

Washegari ya hau mota ya tafi.

Shef ɗinmu mutumin yamma ne da aka turo aiki Gure, iyalinsa na can. Ba mugu ba ne. Abin da ya fi tsoro a duniya takardar kuɗin waya, don an taɓa kiran sa Yamai aka ci masa fuska a kanta. Ya sa wa talho kwaɗo, sai ya gano gardi da abokansa sun iya ƙwanƙwasa shi su kira ƴan'uwansu ko da kwaɗon. Daga nan ya ɗauki wata al'ada: in zai tashi, da rana ko da yamma, ya zare igiyar daga bango, ya sa talho a almari ya kulle. In ya dawo ya mayar. Shekaru yana haka, hannunsa na yi ko yana magana da wani. Kwanakin da baƙo ke nan ne kawai ya bari. Baƙo na tafiya ya koma ga abinsa. Igiyar injin kuwa da ta talho a baki ɗaya suke shiga bango, in an zare ɗaya an zare duka. Baƙon bai taɓa ganin ana zarewa ba, bai tambaya ba. Shef bai ga abin da ya haɗa talhonsa da injin magaza ba, bai faɗa ba. Ni ma kullum ina goge ƙasa kusa da igiyoyin nan a yashe, kamar yadda na saba ganin su.

Sanyi ya zo ya wuce lafiya, don an kawo kaya da yawa tare da injin. Da zafi ya fara, kanta ta fara nuna katakonta. Wata safiya ina shara wani ɓangare na injin ya yi ƙara ya turo takarda. Mai magaza ya ɗauka ya duba, fuskarsa ta washe.

"Yaya, zo ki karanta da kanki. Naku ne."

Na duba. A tsakiyar Faransancin ga sunan maganin ɗiyata.

"Ya ga ya yi ƙasa, ya rubuta. Wannan kwafinmu ne. Na Yamai zai tafi ƙarfe ɗaya. Kin ga aiki?"

Na ce na gani, Allah ya sa albarka. Na koma gida da farin ciki ranar, har na ba ɗiyata labari.

Mota ba ta zo ba. Ba wanda ya damu da farko, motar Yamai ba ta taɓa zuwa ranar da aka sa ta ba. Injin ya ci gaba da turo takardu, na wannan magani, na wancan, mai magaza yana jera su a kan ƙusa. Da na je karɓar maganin ɗiyata na wata, Majo ya ba ni abin da bai kai rabin yadda ya saba ba. Ya ce shi ke nan abin da ya rage a garin, ya kuma hana wasu don ya ba mu. Zai fita daji aikin riga-kafi wajen Alakos, zai daɗe. Ya ce in mota ba ta zo ba in riƙa raba ƙwayar biyu, ya fi babu.

Na samu mai magaza na ce ina tunanin in je Damagaram in nemo.

"Haba Yaya, me zai kai ki? Ki bar aiki, ki sha rana, ki sayi abin da ake ba ki kyauta? Saƙo ya tafi tun tuni. Mota na hanya. Kafin ki je ki dawo ta iso, ki yi ta jin haushi."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Na zauna.

Da magariba nakan sa ƙwayar a kan faifai in raba ta da reza. Ƙarama ce ƙwarai, wani lokaci ta marmashe, in tattara garin da yatsa.

"Inna, yau ma rabi ne?"

"Rabi ne."

"Injin naku ko ba ya jin Hausa? Ki gwada masa Barbarci mana."

"Sha ki kwanta, sarkin baki."

"Ko ki kai ni in yi masa magana. In ɗinka masa riga, ya ji daɗi ya aika."

Haka take, da dariya take ɗaukar komi. Salla ta matso, ɗinki ya yi mata yawa, tana dawowa da zare a gashinta.

Da rabin ma ya kusa ƙarewa na shiga wurin Shef. Ban saba shiga in yana zaune ba. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi, na ce ko za a taimaka a bugo wa Yamai a ji inda motar take.

Ya cire madubin idonsa. "Inna, na san damuwarki. Amma ga takardu can, injin ya aika, ba sau ɗaya ba. In na kira yanzu za su ce ban yarda da aikin da suka kashe wa dukiya ba. Kuma su ne suka ce a rage kira. Ki ƙara haƙuri, makon nan in Allah ya so."

Na ce to. Duk biron an san ni da haƙuri, har yabona ake yi a kai. In baƙi sun zo Shef yakan ce, wannan baiwar Allah ba ta taɓa ɗaga murya ba. Na yi godiya na fita.

Maganin ya ƙare. Na ce wa ɗiyata ta zauna gida har mota ta zo. Ta ƙi.

"In na zauna za su tambayi dalili, Inna. Me zan ce? Kayan mutane na hannuna, salla ta zo."

"To ki yi mini alkawari ba wuta, ba rijiya."

"Keken ɗinki ne kawai. Keke ba ya cin mutum."

Ta yi kwanaki lafiya, har na fara cewa ko ciwon ya bar ta ne ba mu sani ba.

Da hantsi ne, ina gida ina tankaɗe, wata mata ta shigo ba sallama, ta tsaya daga nesa ta ce in zo ɗakin ɗinki. Ban tambaye ta komi ba. Ban san ma na fita ba takalmi ba sai da yashi ya ƙone mini ƙafa.

Mai yi musu guga ba ta zo ba ranar, wata kuma ta matsa tana son rigarta. Ɗiyata ta ce bari ta goge mata wuyan kawai. Dutsen guga ne na gawayi. Ciwon ya kama ta yana hannunta, ta faɗi, murfin ya buɗe, garwashin ya zube, hannunta na dama ya sauka a kai, jikinta ya danne shi. Mai farfaɗiya ba ta jin wuta har sai ciwon ya sake ta. Da mutum ɗaya ya ja ta da ƙafa, da abin ya tsaya a ƙuna kaɗan. Amma a wurinmu ana cewa yawun mai farfaɗiya in ya taɓa ka ka ɗauka. Duk suka fita. Na same su cunkushe a ƙofa, kowace ta rufe baki da gefen mayafi. Matan da na je sunan ƴaƴansu, na yi musu daka a biki. Suka buɗe mini hanya kamar ni ma ina ɗauke da abin.

Ta farfaɗo lokacin, tana kwance a gefe, idonta a buɗe, ba ta san inda take ba. Warin ne ya fara gaya mini. Na ɗaga ta, na karkaɗe gawayin da ya manne. Ban yi kuka ba. Daga bayana wata ta ce, "Ai ba ki gaya mana tana da shi ba." Wani mai amalanke da ke wucewa, wanda bai san mu ba, shi ya taimake ni muka ɗora ta.

A gidan likita muka tarar Majo bai daɗe da dawowa daga daji ba. Da ya kwance zanen da na naɗe hannun ya daɗe yana kallo. Bai ce mini uwar tela ba. Ya wanke, ya yanke abin da ya mutu, ya naɗe, ya yi mata allura don kada ciwon ya dawo a ranar. Sannan ya tambaye ni tun yaushe maganin ya ƙare. Na gaya masa. Ya ce mota fa? Na ce tana hanya. Ya dube ni, ya fita waje ya tsaya.

Washegari na bar ƙanwata a wurinta na je biro in gaya wa Shef ba zan samu zuwa shara ba. Na tarar Majo ya riga ni. Bai nemi izini ba, ya jawo talho ya ce Shef ya buɗe kwaɗon, ya kira Yamai. Da Faransanci suka yi, amma yana yi yana juyowa yana mayar mini da Hausa, kamar don ni ya kira.

Matar nan ce ta ɗauka. Ta ce, "Gure! Mu da muke yabon ku? Duk garuruwa suna damun mu, ku kaɗai ne shiru. Mun ce Gure na cikin wadata." Tun ranar balangu ba su ga wasiƙa ko ɗaya daga wurinmu ba. Babu wata mota a hanya. Ba a taɓa loda ta ba.

Mai magaza ya ruga ya kwaso takardun kan ƙusa yana nuna wa talho kamar tana gani. Aka nemo injiniya ya zo kan layi. Ya ce takardun nan suna nuna an rubuta ne, ba su nuna an tafi ba. Ya tambaya ko ana kashe injin. Aka ce ba a kashewa. Fitilun akwatin na ci? Suna ci. To ƙarfe ɗaya yana kuka? Mai magaza ya ce shi ƙarfe ɗaya yana gida. Suka juyo gare ni.

Shef ya ce, "Inna, ke kike nan da rana. Kina jin kukan nan?"

Na ce tun tafiyar baƙo ban sake ji ba. Na ɗauka sabon wuri ne ya sa shi kuka da farko, da ya saba ya daina.

Majo ya faɗa a talho. Sai injiniya ya ce a bi igiyar a duba inda ta shiga. Majo ya bi ta da hannu daga hudar bango har bayan teburin Shef. Tana nan a cuse, lafiya lau. Shef ne da kansa, yana zaune bai motsa ba, ya ce a hankali, "Wannan nake zarewa in zan tashi."

Ban ji abin da injiniya ya ce ba, Majo bai mayar mini da wannan ba. Na dai ji Shef yana ta cewa ba wanda ya gaya masa, kuma gaskiya ne, ba wanda ya gaya masa. Majo bai yi wa Bazabarme wasa ba ranar, ya ajiye talho kawai.

Ba wanda ya tafi hutu. Aka bar igiyar a bango, muka zauna a magaza muna kallon agogo, ni ina kan wani kwali da ba komi a ciki. Ƙarfe ɗaya na cika akwatin ya kira lamba, ya yi tsuwwarsa da gurnaninsa, fitilu suka yi ta ƙyaftawa. Ya daɗe, don wasiƙun sun taru tun farkon zafi, suna fita ɗaya bayan ɗaya. Ba abin da ya lalace a jikinsa. Kullum ƙarfe ɗaya yana neman ɗaga murya ya tarar ba layi, ya ajiye, ya jira gobe. Shi ma haƙuri yake ta yi.

Da ya gama, sai na ga fuskokinsu sun saki, ba da nufi ba. Mai magaza ya tafa hannu.

"Yaya, ya tafi! Wallahi yanzu kam ya tafi!"

Sai ya tuna, ya sauke hannunsa.

Yamai ta bugo ta ce sun iso duka, za a loda mota, cikin makon nan in Allah ya yarda. Shef ya raka ni har baranda, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in ɗauki kwanakin da nake so in yi jinya, ba za a taɓa mini komi ba. Ya ce abin da Allah ya rubuta ba ya wucewa. Ya ce in yi haƙuri. Na ce to, na gode.

Na sha neman wanda zan riƙe a zuciyata a kan abin nan, in samu inda zan ajiye shi. Baƙon da ya sha furata ya yi aikinsa. Mai magaza ya gaya mini abin da ya gani a takarda. Shef yana tsaron amanar da aka ba shi. Daga baya an ja wa injin igiyarsa dabam, ya yi shekaru yana aiki, baƙi na zuwa daga wasu garuruwa su gani. Hannun ɗiyata ya warke, amma yatsu uku sun lanƙwashe sun manne da tafin, almakashi ba ya zama a ciki. Ko da zai zauna, masu atamfa sun aiko an karɓe kayansu tun tana kwance, wasu ma ba su karɓa da hannu ba, suka ce a ajiye a ƙofar gida.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, da la'asar na koma gidan likita. Tana zaune ta jingina da bango, hannun a naɗe a kan cinyarta, ƙanwata na yi mata fifita. Labari ya riga ni.

"Inna, an ce ya tafi."

"Ya tafi."

"To a gaishe shi."

Ta juya fuska ga bango. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

Majo ya kira ni gefe. Ya ce allurar da yake mata ba ta dogon lokaci ba ce, kuma ita ma saura kaɗan. In ciwon ya sake kama ta da hannun nan ɗanye, zai yage. Ya rubuta sunan maganin a ƴar takarda ya buga hatimi, ya kwatanta mini wani farmasi kusa da babban gidan likita na Damagaram. Ya ce, "Sun ce mota na zuwa makon nan. Mai yiwuwa ta zo."

Da asuba na yi salla, na kwance akuyata na ja ta gidan mahaucin unguwarmu, na karɓi abin da ya ba ni ban yi ciniki ba. Na biya gidan likita, tana barci, na gaya wa ƙanwata kada ta bar ta ita kaɗai ko fitsari za ta. Hanyar tasha ta gaban biro take bi. Mai magaza na buɗe ƙofa ya hango ni, ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, ina zuwa? An ce fa yau za a loda!" Na ɗaga masa hannu ban tsaya ba. Motar Damagaram saura mutum biyu ta cika. Na ƙulle takardar Majo a bakin zanena, na shiga na zauna a baya, kusa da wata mata mai kaji.